Baba Ya Ce In Bar Binciken Bature, Ni Kuwa Zuciyata Ta Ƙi

Assalamu alaikum Malam. Ina gaisuwa tare da fatan alheri, Allah Ya ƙara basira. Kullum ina sauraren shirinka, yau ga ni da tawa damuwar.

Ni ɗalibin tarihi ne a ajin ƙarshe. Kundina a kan Walter Elliot nake rubuta shi, likitan da ya shiga siyasa ya wakilci mazaɓar Kelvingrove ta birnin Glasgow a majalisar Birtaniya. Yana ƙaramin minista a Baitulmali a 1932 lokacin da ministan kuɗi Neville Chamberlain ya kawo dokar da ta ɗora harajin kashi 10 cikin 100 a kan yawancin kayan da ake shigowa da su. A shekarar ce kuma Elliot ya zama ministan noma, har zuwa 1936.

Abin da ya ja ni gare shi, Malam, halin da ya tarar da manoma ne. A 1920 gwamnati ta yi musu alkawarin tsayayyen farashin alkama. Da farashi ya faɗi warwas a 1921, sai ta soke dokar ta bar su da bashi, har suna kiran abin babbar cin amana. Elliot ne ya tsaya wa dokar kasuwancin amfanin gona ta 1933, wadda ta ba da ikon taƙaita shigo da abinci daga waje. A shekarar aka kafa hukumar cinikin madara, mai shanu ya daina kwana da fargabar yadda dillali zai taya masa.

Makon jiya na je gida na tarar da Baba zaune a ƙofar sito, buhunan masara jibge a bayansa. Ya ƙi sayarwa, domin kuɗin ba za su mayar da na taki ba. Cikin ɗoki na fara ba shi wannan labari, ina ganin ciwonsa ne nake karantawa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Wato gumin da nake tura maka, a kan nonon Turawa yake ƙarewa?" Ya ce lallai in je wurin malamina in sauya batu, in ɗauko abin da zai ba ni aiki.

Tun ranar ba na barci sosai. Babi uku na riga na rubuta, saura wata huɗu in miƙa. Ban taɓa musa wa Baba magana ba, kuma na san ba ƙiyayya ta sa ya faɗa ba, zafin asara ne. Inna ta ce in yi shiru in ci gaba, ba zai sani ba, amma ina jin kunyar cin kuɗinsa a ɓoye.

Malam, in nemi Kawu ya yi masa magana, ko in koma da kaina in durƙusa in sake bayani? In kuwa ya dage, in haƙura da aikin ne?

Ɗanka mai saurare, daga Funtuwa.