Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyarmu ta Ɗaliban Aikin Gona

Assalamu alaikum, 'yan uwa. An kammala girbi, ga bayanin abin da kwamiti ya yi da amanar da kuka ɗora masa.

Aikin da ya fi cin lokacinmu bana shi ne sassabin zamani, wato renon tofon kututturan gona har su zama itatuwa. Tun da bazara, kafin ruwan shuka, muka riƙa fita ƙauyukan da ke kewayen Maradi. A wata gona wani dattijo ya durƙusa gaban kututturen kalgo, ya zaɓi tofo uku masu ƙarfi, ya datse sauran. Ya kuma nuna mana yadda ake yanka reshe daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya yage. Mun karanta wannan a aji, amma a hannun Baba muka gane shi.

A nan Maradi ne Toni Rinaudo, ɗan Ostareliya da ke aiki da ƙungiyar mishan ta SIM a lokacin, ya lura a 1983 cewa kututturan da ake ƙonewa duk shekara suna da saiwa mai rai. Kafin nan ya daɗe yana dashe, dashen yana mutuwa. Yunwar 1984 ta sa aka haɗa aikin da rabon abinci, manoma suka gwada. Yau ana ƙiyasta cewa dabarar ta farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 da itatuwa miliyan 200 a Nijar, kuma ƙungiyar agaji ta World Vision ta kai ta yankin Humbo a Habasha da Talensi a Gana. Mu ɗalibai abin da ya ja hankalinmu shi ne, masu tallafi sun tafi, manomi bai daina ba, domin wuƙa kawai yake buƙata. Kuma da idonsa yake ganin yadda gero ke kyau a gindin gawo, itacen da ke zubar da ganye da damina.

Inda muka gaza, dole mu faɗa. Wata ƙungiyar agaji ta ba mu dashe, sai dai ya iso damina ta kusa ƙarewa. Mu ma ba mu yi shinge ba, awaki suka cinye wanda rana ta bari. Abin ya yi mana ciwo ƙwarai. Kwamiti ya yanke shawarar ba za mu sake karɓar dashe ba sai da farkon damina, kuma sai mutanen gari sun faɗi wanda zai kula da shi.

Da kaka mun nuna wa mata buhun PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro: leda biyu a ciki, buhu a waje, ƙwarin wake su mutu don rashin iska, ba tare da an zuba guba ba. Kukan iyayenmu mata tsada ne, kuma suna da gaskiya. Za mu nemi a riƙa saye a dunƙule.

Kuɗin mota ne ya cinye yawancin abin da muka tara. Ma'aji zai kawo lissafi dalla-dalla a babban taro, kuma masu bashin kuɗin wata su daure su biya kafin ranar. Da rani za mu fara haƙa tassa da rabin wata (ramukan tara ruwan sama) a fako, kowa ya zo da fartanyarsa.