Wasiƙa Zuwa Ga 'Yata: Kwana Uku Ba Su Isa A Ce An Tsallake Korona Ba

Assalamu alaikum 'yata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara, da kuma surukarki, Allah ya ƙara mata lafiya da nisan kwana. Mamanki tana gaishe ku duka.

Maganar da kika yi mini a waya ce ta sa na zauna rubuta wannan, don zance irin wannan ba ya ƙarewa a waya. Kin ce gwaji ya nuna abokin aikin maigidanki yana ɗauke da korona, sun yini a ofis ɗaya, kuma yau kwana uku babu mai tari babu mai zazzaɓi a gidanku, saboda haka kina ganin an tsallake. Ni dai ina cewa ki dakata tukuna, musamman da yake gidanki akwai tsohuwa akwai ƙananan yara.

Tsakanin ranar da ƙwayar cutar ta shiga jikin mutum da ranar da zai fara jin ba daidai ba akwai tazara. A kwanakin nan ƙwayar tana can tana hayayyafa a hanci da maƙogwaro, mai ita kuwa yana harkokinsa, kamar garwashi a ƙarƙashin toka. A farkon 2020 masu bincike na jami'ar Johns Hopkins a Amurka sun lissafa cewa rabin waɗanda suka kamu suna fara nuna alama cikin kwana biyar ko kusa da haka, kuma kusan dukansu, kashi 97.5 cikin ɗari, sun nuna kafin a cika kwana 12. Wannan ya yi daidai da kwana 14 da hukumomin lafiya suka riƙa sa mutane su killace kansu a lokacin. Daga baya cutar ta yi ta sauya kama, tazarar kuma ta yi ta raguwa. A 2022 mujallar likitoci ta JAMA Network Open ta buga wani nazari da ya tattara bincike 142: nau'in Alfa kwana 5, Delta kwana 4.41, Omikron kuwa, wanda aka fara ba da rahotonsa daga Afirka ta Kudu a Nuwamban 2021, kwana 3.42. Na san daga nan kwana ukunki suka samo asali. Sai dai wannan matsakaicin lissafi ne. An haɗa mai saurin nunawa da mai jinkiri ne aka raba, kuma masu jinkirin suna da yawa.

Ga kuma abin da mutane ke yawan mantawa: ƙidayar maigidanki daban, taku daban. Tasa ta fara ne ranar da suka zauna da mutumin nan. Taki da ta yara da ta surukarki ba za ta fara ba sai ranar da shi ya soma yaɗa ƙwayar, idan har ya ɗauka. A ce ya ɗauka Litinin, jikinsa ya nuna Juma'a. Tun Laraba ko Alhamis yana iya shafa wa na kusa da shi, domin korona tana fita daga mutum kwana ɗaya ko biyu kafin ya san yana da ita. To daga nan ne za ki fara ƙirga wa tsohuwar nan, wato abin yana iya kaiwa makon gaba kafin ya bayyana a jikinta. A nan ta sha bamban da SARS, 'yar uwarta da ta ɓulla a kudancin China a ƙarshen 2002. Ita ma tana ɗaukar kwana biyu zuwa bakwai kafin ta nuna, amma ba ta cika yaɗuwa ba sai mutum ya kwanta sosai, shi ya sa killace marasa lafiya ya isa ya kashe ta bayan ta kama mutum kusan 8,000 ta hallaka 774. Korona ba ta ba da wannan damar ba.

Yanzu ga inda nake so ki ba ni hankalinki. Nazarin nan na 2022 ya raba mutane rukuni-rukuni. Idan an haɗa kowa da kowa, da duk nau'o'in cutar tun daga farko, matsakaicin ya kama kwana 6.57. Ga waɗanda suka haura shekara 60 ya kai 7.43, ga yara 'yan shekara 18 zuwa ƙasa kuwa 8.82. Kin ga ke nan mutum biyun da kika fi damuwa da su, tsoho da yaro, su ne suka fi jinkirin nunawa.

Dalili biyu nake gani a nan, kuma duka biyun suna aiki tare. Na farko, zazzaɓi da ciwon jiki ba ƙwayar ce kaɗai ke kawo su ba, faɗan da garkuwar jiki ke yi da ita ne. Garkuwar tsoho kuwa ba ta tashi da wuri, saboda haka ƙwayar tana iya yin nisa jikin bai ko yi zafi ba. Na biyu, mu masu kallo ne ba ma gani da wuri. Yaro ɗan shekara uku ba zai ce miki maƙogwaronsa na kaikayi ba, sai dai ki ga rigima ta ƙaru, hanci yana zuba, ki ce murar da aka saba ce. Tsohuwa kuma sau da yawa ba ta zo da tari ko zazzaɓi ba. Za ki ga ta bar abincinta a kwano, barci ya yi mata yawa da rana, ta kira ki da sunan wata, ko ta tashi za ta kewaya ƙafarta ta kasa ɗaukarta. Kowa sai ya ce tsufa ne, alhali jiya ba haka take ba. Kuma kin san halin manya, ko an tambaye su sai su ce da sauƙi.

A watan Maris na 2020 an yi wa mazauna wani gidan jinyar tsofaffi a jihar Washington ta Amurka gwaji. Cikin mutum 48 da aka samu da cutar, 27 ba su da wata alama ranar gwajin, kuma 24 daga cikinsu sun nuna bayan 'yan kwanaki. Ma'aikatan jinya ne fa ke kula da su dare da rana, amma ido bai gani ba.

Masu ciwon sukari ko hawan jini da masu juna biyu, abin tsoro a wurinsu shi ne tsananin ciwon idan ya zo. Wanda garkuwarsa ta yi rauni, kamar mai karɓar maganin daji, yakan daɗe da ƙwayar a jikinsa fiye da sauran mutane. Wanda aka yi wa allurar riga-kafi kuwa yana iya kamuwa abin ya zo masa da sauƙi har ya raina shi, ya shafa wa wani.

Saboda haka maigidanki ya yi gwaji idan an cika kwana biyar da haɗuwarsu, ko nan take idan ya ji wani sauyi. In gwajin gida ne kuma bai nuna komai ba, ya sake bayan kwana biyu, don irin wannan gwajin yakan kasa kama ƙwayar a farko. Har zuwa kwana goma ya sa takunkumi idan zai shiga wurin mahaifiyarsa, ya gaishe ta daga bakin ƙofa, a bar tagogi a buɗe. Na san zai yi masa nauyi, ita ma za ta yi mita, ki lallashe su. Yaran ma a rage musu hawa jikinta na ɗan lokaci.

Ki samu takarda ki rubuta ranar da kika fara ganin kowane sauyi a jikinta, komai ƙanƙantarsa. Ba don tsoro na ce haka ba. Magungunan da ake ba tsofaffi don kada cutar ta tsananta, irin su Paxlovid, cikin kwana biyar na farkon alamu ake fara su, kuma tambayar farko da likita zai yi miki ita ce yaushe abin ya fara. Ki tafi masa da duk magungunan da take sha, don wasunsu ba sa haɗuwa da shi. Idan kuwa numfashinta ya yi sama, ko ƙirjinta ya riƙe, ko ta rikice ba ta gane mutane, kada ki jira gari ya waye, ku wuce asibiti.

Ki shafa mini kan yara. Allah ya tsare ku, ya yi miki albarka.

Mahaifinki.