Sanarwa: mu riƙa faɗar matsalar jinmu tun farko

Assalamu alaikum ƴan uwa. Jiya a banki aka kira lambar wani dattijo har sau uku bai ji ba, aka tsallake shi, wani ma na cewa girman kai ne. Abin ya tsaya mini a rai.

Don Allah mu masu matsalar ji mu daina jin nauyi. Da ka isa gaban ma'aikaci ko ɗan adaidaita, ce masa: "Malam, ba na ji sosai, fuskance ni, ka yi magana a hankali." Ihu ba ya taimako, ƙara dagula sautin yake, balle ga mai na'urar ji. In hayaniya ta yi yawa, miƙa masa waya ya rubuta.

Ranar 3 ga Maris, Ranar Ji ta Duniya, za mu tattauna wannan a nan bayan Isha.