Ƙorafi Kan Tayoyin Taraktar da Kuka Sayar Mana

Zuwa ga Babban Manaja,

Assalamu alaikum. Ran Talata 17 ga Yuni na kira ofishinku karo na shida. Wanda ya ɗauka ya ce min: "Alhaji, taya ai taya ce. In ba ku iya tarakta ba, ku koma garmar shanu." Ya kashe waya. Shi ya sa na fito da maganar fili.

A watan Mayu ƙungiyarmu ta manoma ta biya ku naira 1,250,000 kuɗin tayoyi huɗu na ƙaramar tarakta mai jan ƙafa huɗu. Mun faɗa wa ɗan kasuwarku a rubuce cewa gonakinmu a yankin Gumel suke: jigawa ce mai rairayi, cike da gawo da aduwa da kututturan da aka sare. Mun nemi nau'in R4 da wilinsa, mai lambar girma 15-19.5 a baya, 27x8.50-15 a gaba, domin faɗinsa na sa tarakta ta zauna bisa yashi, gefensa kuma na da kaurin jure ƙaya.

Me aka sauke mana? R1 mai dogayen haƙora, 11.2-24, an rubuta 4PR a jikinta, wato lambar da ke nuna ƙarfin jikin taya, ita kuwa 4 ƙarama ce. Wannan tayar laka ce da ƙasa mai danƙo. A busasshen rairayi da zarar ta yi juyi ɗaya a banza, haƙoran sun haƙa rami, sai cikin tarakta ya zauna a ƙasa. Muka rage iska zuwa 12 a ma'aunin iska don ta ƙara shimfiɗuwa, kamar yadda ake yi a yashi, sai tayar ta zame a kan wili ta tsinke bakin tiyub. Ƙayar aduwa kuwa ba ta ɗauki 4PR a bakin komai ba. Mai faci ya fi direban ganin tayoyin nan. Ga shi lambar ƙira a gefen ɗaya daga ciki 2318 ce, wato mako na 23 na 2018. Tsohon kaya ne da ya kwana a sito, har ya fara tsattsagewa tsakanin haƙora, kuka karɓi kuɗin sabo.

Amma babbar ɓarnar tana ƙafafun gaba. Abokiyar 11.2-24 a wannan tarakta 7-16 ce, ku kuka aiko 8-16. Duk wanda ke sayar da tayar tarakta ya kamata ya san cewa a mai jan ƙafa huɗu ƙafafun gaba na ɗara na baya sauri ne da kashi 1 zuwa 5 cikin ɗari kawai. Da aka ƙara wa tayar gaba tsayi, lissafin ya wuce haka: gaba na fizga, baya na riƙewa, haƙoran gaba na cinyewa, nauyin kuma na sauka kan giyar aksul ɗin gaba. Yanzu taraktar tana gurnani in an sa ta a jan ƙafa huɗu. Makanike ya ce sai an buɗe. Mun yi ta aiko da hotuna, ba wanda ya tanka, ruwa kuma ya sauka, gonakin gero da riɗi na mutum goma sha ɗaya na jiran huɗa.

Ranka ya daɗe, muna so ku kwashe tayoyinku ku kawo waɗanda muka biya, ko ku dawo da kuɗinmu cif cikin kwana bakwai, ku kuma ɗauki nauyin gyaran aksul. Sannan ku gaya mana manoma nawa kuka yi wa haka, don ban yarda kuskure ba ne. Kun ga ƙauyawa ne da ba za su karanta gefen taya ba, kuka juye mana abin da ya ƙi sayuwa a birni. Rasit da hotunan suna hannuna, kuma in kwana bakwai suka cika shiru, hukumar kare haƙƙin masu saye za mu nufa da su.

Sakataren ƙungiya