Yaya, kuɗin nan na shinge ne

Aboabo, Kumasi

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, da Baba da Inna da iyali gaba ɗaya. Yaya ƙafar Baba? Ni lafiya lau, alhamdu lillahi, kasuwa sai godiya.

Labari ya iso ni har nan Zango, kuma ba daga bakinku ba, daga bakin wani direban motar goro: wai awakinmu sun faɗa gonar waken maƙwabcinmu na gabas, magana ta kai gaban mai unguwa, har Baba da kansa ya taka ya je ba da haƙuri. Wallahi abin ya tsaya mini a rai. Dattijo kamar Baba a tsayar da shi saboda dangar kara? Me ya sa kuka ɓoye mini?

Na tura kuɗi asusunka ranar Litinin. Ka fara biyan ɓarnar waken nan a gaban mai unguwa, kada a bar ko kwabo. Sauran na waya ne da dirkoki da maganin dabbobi. Ba na bikin gidan Gwaggo ba ne, gudummawar biki zan aiko daban.

Dangar kara ba ta tsare akuya. Gara ta ci gindinta, ruwa ya ruɓar da ita, akuyar ma cin karan take yi. A kewaye filin bayan gida da waya mai ƙaya. Idan tsawonsa mita 30 ne faɗinsa 20, kewayensa mita 100 ke nan. Dirka a kowace mita biyu da rabi, za a buƙaci dirkoki 40. Layi shida na waya, mita 600. Ka auna filin da igiya tukuna, kuma ka tambayi mai shago mita nawa ke cikin kowane naɗi kafin ka biya, don ba tsawonsu ɗaya ba, wani kuma siririya ce da ke tsatsa cikin damina biyu. A sayi mai kauri ko da ta fi tsada.

A haƙa ramukan yanzu da sauran laima a ƙasa, idan hunturu ya shiga sai ta ƙi diga. Zurfin kowane rami ya wuce rabin mita, na kusurwa huɗu da na bakin ƙofa su fi zurfi, a ba su itace mai kauri, a sa musu tokara ta ciki. Nan ne shinge ke mutuwa: ana jan waya sai dirkar kusurwa ta sunkuya, layukan duka su saki. Idan an samu kirya ita ce gaba, gara ba ta cika damunta ba. In darbejiya ce, a ɓare ɓawon, a babbaka gindin, a shafe shi da baƙin mai har ya ɗan haura inda ƙasa za ta tsaya. A riƙa zuba ƙasa kaɗan-kaɗan ana dannewa da taɓarya, kada a tura ta gaba ɗaya a take da ƙafa.

Layin ƙasa kada ya fi faɗin tafin hannu daga ƙasa, na biyu da na uku su matsu, sannan tazarar ta riƙa buɗewa har na sama ya kai ƙirjin mutum. Akuya ta ƙasa take kutsawa, ba ta sama ba, musamman 'yan ƙanana. Wayar ta kasance ta cikin fili, don idan dabba ta jingina ta danna ta jikin dirka maimakon ta tumɓuke ƙusa. Inda ruwa ya yi zaizaya a cike da dutse, a jera ƙayar magarya. Da bazara, kafin ruwan farko, a yanko aguwa a dasa a bin wayar. Idan aka dasa ta tsakiyar damina ruɓewa take yi. Bini da zugu ma yana yi, dabba ba ta cin sa, sai dai a ja wa yara kunne, 'ya'yansa guba ne.

Yaya, na san ina nan nesa ina ta ba da umarni, kai ne rana ke duka. Ka yi haƙuri da ni. Da ina gida da ni zan riƙe digar. Nan ana ta ruwa har yanzu, damina biyu suke yi a shekara, ciyawa kore shar a bakin hanya, tumakinsu kuma gajeru. Manyan raguna daga wajenmu ake kawo su, daga Nijar da Burkina da Mali, su shigo ta Paga, kuma in ka ji kuɗin da ake sa musu gab da Babbar Sallah za ka san abin da ke ɗaure a turkenmu ba abin wasa ba ne. Don haka ka faɗa wa Kawu cikin ladabi, ragunan nan biyu ba na sayarwa ba ne yanzu. Da kaka kowa ke fitar da dabba.

Sai maganar abinci. A tattara harawar gyaɗa da ta wake tun ganyen na kore, a shanya ana juyawa, a ɗaure a ɗora kan rumfa. Wadda aka bari a ƙasa raɓa ta jiƙa ta, ganyen ya kakkaɓe, sai kara ya rage. Wadda ta yi fumfuna a zubar, kada a yi tsimin ta. Kowar wake da karmami a adana, 'ya'yan gawo idan sun fara zuba yara su tsinto. Kada Auta ya saki dabbobin cikin gonar dawa bayan girbi in akwai gyauro. Sabon tohon dawa yana kashe dabba cikin ɗan lokaci, ka ga ta kumbura tana haki ta faɗi. Dusa da angurya a fara wa ragunan da kaɗan, a riƙa ƙarawa cikin mako biyu. Wanda aka cika wa kwano rana ɗaya zawo zai yi ya daina cin abinci. Ruwa mai tsabta safe da yamma, da ɗan kanwa ko gishirin lasa. A tsince leda a filin nan kullum. Ledar da akuya ta haɗiye ba ta narkewa, sai ka ga tana ramewa ciki ya yi tauri, ana ta ba ta magani a banza.

Idan shingen ya tsaya, a raba filin biyu da danga, su ci ɓangare ɗaya ɗayan ya huta, kuma da damina a bar ciyawa ta yi ƙarfi kafin a sake su. Kada a sa wa gambar gefen rafi wuta. Takin turke a kwashe a kai gona, wurin kwanansu ya zama busasshe, laima ce ke kawo ciwon kofato.

A kira malamin dabbobi ya ba su maganin tsutsar ciki yanzu da damina ta ƙare, gwargwadon nauyin kowacce, kuma a nuna masa waɗanda suka ɗauki ciki kwanan nan, don albendazol ba ya dacewa da sabon ciki. A tambaye shi rigakafin ciwon nan na majina da zawo da ke share garken awaki. Duk dabbar da aka sayo daga kasuwa a ware ta mako uku kafin ta shiga cikin sauran.

Auta kuma, ka zaunar da shi. An ce ƙwallo yake tafiya ya bar su. Kada ka doke shi, amma ka gaya masa wayar hannun da ya roƙe ni ba zai gan ta ba sai na ga hoton shinge a tsaye. Kai ma ka turo mini hoton dirkokin kusurwa kafin a ja waya, da takardar mai shago.

Ina sake faɗa maka, kuɗin nan na shinge ne. Ko wa ya zo da kuka, ka ce ni na hana.

Ka gaishe mini da Inna, ka ce mata ina cin abinci sosai, ana samun tuwo da koko da ƙosai a nan, kada ta sa damuwa a ranta. Ka ce Baba ya sa ni a addu'a. A gaida maƙwabcin namu, a ƙara ba shi haƙuri a madadina.

Wassalam,
ƙaninka.