JAMB: Taura biyu ba ta taunuwa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida domin in ja hankalin ɗalibai masu shirin jarrabawar JAMB ta neman shiga manyan makarantu, da iyayensu. A 2024, kusan kashi uku cikin huɗu na waɗanda suka zauna jarrabawar ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Da yawansu suna da kai, sun kuma yi karatu. Ƙarfinsu ne suka watsa a inda ba ya kawo maki.

Darussa huɗu kacal ake rubutawa, Turanci kuma dole ne. Kafin a sayi fom, a duba kundin kwasa-kwasai da ke shafin hukumar na intanet. Likitanci na buƙatar Fiziks da Kemistiri da Bayoloji, karatun lauya kuwa sai da Adabin Turanci. Wanda ya bar mai shagon intanet ya zaɓa masa darussan da ba su dace ba, ko maki nawa ya ci, kwas ɗin ya kuɓuce masa.

Inda aka fi yin asara shi ne wajen raba lokacin karatu. Yaro zai ɗauki littafi daga bangon farko yana son ƙure shi, jarrabawa ta riske shi a tsakiya. Abin yi shi ne ya ajiye manhajar karatu ta JAMB gefe guda, tambayoyin shekaru goma da suka wuce a ɗaya gefen, ya yi alama a kan batutuwan da ke yawan dawowa. Sai ya kasa su uku: waɗanda ya iya, waɗanda ya ɗan iya, da waɗanda bai san kansu ba. Kashi na biyu ya kamata ya cinye mafi yawan lokacinsa, domin a nan maki ke saurin ƙaruwa. Haka ma tsakanin darussa: ɗaga mai rauni daga maki 40 zuwa 60 cikin 100 ya fi sauƙi a kan ɗaga mai ƙarfi daga 75 zuwa 85. Amma ɗalibai sun fi son maimaita darasin da suka iya, saboda yana musu daɗi, kuma wannan yaudarar kai ce.

Darasi biyu a rana sun isa, kowanne zama biyu na minti 45, waya tana wani ɗaki.

Sai lissafin lokaci. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, 60 na Turanci, 40 ga kowane ɗaya cikin sauran ukun, wato daƙiƙa 40 ga kowace tambaya. Wanda ya tsaya minti uku a kan lissafi guda ya cinye lokacin tambaya huɗu. A tsallake mai wuya, a dawo mata daga baya, kada kuma a bar ko ɗaya babu amsa. Saura wata guda, a riƙa yin cikakken gwaji a kwamfuta sau biyu a mako da agogo a gaba, a kuma zauna a gano dalilin kowane kuskure. Gwajin da ba a bi kurakuransa ba ɓata lokaci ne.

Iyaye, don Allah a sauke wa yaran nan aike da zaman shago da reno a watanni ukun ƙarshe, musamman 'yan mata da aikin gida ke cinye safiyarsu. A ware musu awa uku a rana da babu mai kiran su.

Wassalam.

Malamin makarantar sakandare,
Zariya