Rahoton Ayyukan Zumuntar Mata na Shekarar 2025

Baba Fasto, Mama Shugaba, iyayena da 'yan'uwana cikin Kristi, salama a gare ku. Ga rahoton abin da Zumuntar Mata ta ikilisiyarmu ta Lutheran a nan Birnin Kebbi ta gudanar a bana. Lissafin kuɗi yana hannun ma'aji, za ta karanta nata daban.

Taron mako-mako bai tsaya ba, haka ma ziyarar marasa lafiya, barkar haihuwa da gaisuwar rasuwa. Gwauraye sun sami hatsi kafin Kirsimeti, mun gode wa duk wadda ta kawo mudunta.

Inda muka fi zuba ƙarfi shi ne Mako Mai Tsarki, makon tunawa da shan wahala, mutuwa da tashin Yesu, daga 13 zuwa 20 ga Afrilu. Kowace shekara coci kan cika har waje ranar Ista, kowa da sabon anko, amma Alhamis da Jumma'a sai ka ga benci wayam. Mun san dalili. Yawancinmu aiki ne ya kawo mu daga Adamawa, kuma da Ista ta matso hankali kan koma gida, wajen Numan, inda Dokta Niels Bronnum na ƙasar Danmak ya fara aikin bishara a 1913. Waɗanda suka rage kuwa zafin Afrilu kan zaunar da su a gida. Kwamiti ya ce bana ba za mu bar Ubangiji shi kaɗai a waɗannan ranaku ba.

Tun Laraba ta Toka, 5 ga Maris, ranar da azuminmu na kafin Ista ya soma, muka fara bin gida-gida muna tunatarwa. Azuminmu ya haɗu da na Ramadan a watan, har maƙwabtanmu Musulmi suka riƙa aiko mana da kunun buɗa-baki, mu ma muka rama da abincin Ista.

Ranar Lahadin Dabino, ganyen da aka samo bai isa ba, sai wasu iyayenmu suka kawo kaba, suka zauna a inuwa suna saƙa wa yara ƙananan gicciye. Da su aka zagaya coci ana rera Hosanna.

Daren Alhamis ne ya fi taɓa ni. Baba Fasto ya karanta Yohanna 13, wankin ƙafafun almajirai, sannan aka ci Jibin Ubangiji. Mun shirya wa wannan dare da nazarin Ƙaramin Katekismus da Martin Luther ya rubuta a 1529, inda ya koyar cewa jikin Kristi da jininsa ne na gaskiya muke karɓa a gurasa da ruwan inabi, an bayar domin mu, domin gafarar zunubai. Bayan Jibi aka karanta Zabura 22, matan da aka zaɓa suka fito suna kwashe kayan bagadi ɗaya bayan ɗaya: kyandir, ƙoƙo, mayafi, har ya zama katako tsirara. Aka watse shiru, ba waƙa, ba hira a bakin ƙofa. Wata tsohuwarmu da ta daɗe ba ta iya fitowa, matasa suka ɗauko ta a keke mai ƙafa uku, ta zauna a gaba har ƙarshe.

Jumma'a muka ajiye ganga, tulu da caki, muka rera da baka kawai. Aka karanta Ishaya 53 da kalmomi bakwai na kan gicciye. Wuta ta ɗauke, fanka ta tsaya, amma ban ga wadda ta tashi ba. Mun ajiye randunan ruwan sanyi a ƙofa, kuma ya kamata wannan ya zama al'ada.

Asabar muka share coci, muka shimfiɗa farin mayafi. Lahadi da asuba muka fito da fitilu kamar matan da suka je kabari, aka ce "Kristi ya tashi!", guɗa ta ɓarke. Muka furta Shaidar Bangaskiya ta Nikiya, a shekarar da taron Nikiya na 325 ya cika shekara 1,700.

Abin da ya rage mana: 'yan matanmu ba su fito sosai ranar Alhamis ba. Iyaye, ku riƙo hannunsu ku zo tare. Ista ta 2026 za ta kama 5 ga Afrilu, Lahadin Dabino 29 ga Maris. Duk mai son shiga aikin bagadi ko koya wa yara waƙoƙin makon, ta ba da sunanta wurin magatakarda kafin ƙarshen Janairu.

Magatakarda, a madadin kwamiti